Daga Kasko Zuwa Kwalba: Yadda Za Ki Haɗa Turaren Da Yake Naki

Ranar da na fara kai wa Goggona turaren wutan da na haɗa da hannuna, a gidanta da ke Jekadafari, ba ta ce uffan ba sai da ta sa aka ɗebo mata garwashi. Ta barbaɗa kaɗan a kasko, ta bari hayaƙin farko ya wuce, sannan ta karkato da kai ta shaƙa. Ta ce, "'Yar nan, madarar turare kala nawa kika zuba a ciki?" Na ce tara. Ta ce, "To, wanne ne naki a cikinsu?"

Goggo ta daɗe da aure a Maiduguri, a hannun matan Barebari da na Shuwa ta koyi sana'ar. A wurinta mai haɗa turare ita ce wadda za a shiga ɗaki a ji ƙamshi a ce wannan hannun wance ne, ba tare da an ga kwalba ba. Yau a Gombe masu sayar da turare sun yi yawa, alhamdulillahi, amma ki je biki a Pantami, ki je suna a Tumfure, ki leƙa walima a Bolari, kusan ƙamshi ɗaya za ki ji. Dalili kuwa a fili yake: takardar haɗi guda ce take yawo a WhatsApp, kowa ta kwafa, ta ƙara madara biyu ko uku don nata ya fi ƙarfi. Wannan jagora na rubuta ta ne don wadda take son fita daga wannan layi, ta mallaki ƙamshin da za a san ta da shi.

Mataki na farko: horar da hanci

Kafin ki kashe kuɗi a kan kaya masu yawa, ba hancinki wata guda yana karatu. Sayi madara kala shida zuwa takwas, kowace mililita uku ta isa, da ɗan ƙullin itatuwa da saiwoyi. Kada ki shaƙi madara daga bakin kwalba. Ƙarfinta yana toshe hanci, kuma abin da ya fi saurin tashi kawai za ki ji. Ki sirka ta: kashi 1 na madara, kashi 9 na itanol, wato alkohol ɗin turare, ko man DPG, wani mai mara wari da ake sirka turare da shi. Ki yanka farar takarda mai kauri siri-siri kamar tsawon yatsa biyu, ki rubuta sunan madarar da lokaci a gefe ɗaya, ki tsoma ɗaya gefen.

Ki yi wannan da sassafe bayan asuba, kafin a ɗora girki, kafin hayaƙin unguwa ya tashi. Ki shaƙa nan take, ki rubuta abin da kika ji. Ki koma bayan minti 15, bayan awa ɗaya, bayan azahar, sannan washegari. Kada ki rubuta "yana da daɗi", wannan ba ya koyar da komai. Ki rubuta abin da ya tuna miki: ɓawon lemo da aka murza, sabon atamfa, akwatin kaka, randa sabuwa da aka zuba wa ruwa, shagon mai maganin gargajiya. Da irin waɗannan kalmomi hanci yake riƙe abu. Idan kin shaƙi biyar ko shida kika ji sun fara zama iri ɗaya, ki tsaya, ki fita iska ko ki shaƙi hannun rigarki da ba ta da turare.

Cikin mako biyu za ki lura kayan sun kasu uku, ni kuma da baƙo nake kwatanta su. Akwai ƙamshin sallama, wanda yake fara shigowa ya tafi cikin 'yan mintuna, irin su lemo da na'a-na'a. Akwai ƙamshin hira, wanda yake zama awa biyu zuwa huɗu, irin su wardi da yasmin da kanumfari da kirfa. Akwai kuma ƙamshin kwana, wanda za ki tarar a mayafi washegari: sandal, miski, ud, jawi, ambar. Mai saye da sallama ake jawo ta, amma kwana ne yake dawo da ita shagonki. Yawancin masu farawa suna zuba kuɗinsu a sallama saboda ita ce take burge su a kasuwa.

Mataki na biyu: sanin kaya, da sayensu ba tare da an cuce ki ba

Madara da kwalabe za ki samu a Babbar Kasuwar Gombe, masu sari da yawa kuma Kano suke zuwa. Itatuwan turaren wuta irin su hawi da gab-gab da dorot da halut, da kajiji da farce, hanyarsu ta Maiduguri ce, yawanci daga Chadi da Sudan suke gangarowa. Ki san asalin abin da kike saye, don shi zai nuna miki ko farashin ya yi daidai da gaskiya.

Sandal na asali, wanda ya yi suna daga yankin Mysore na Indiya, bishiya ce da take shekara 15 ko fiye kafin zuciyarta ta tara mai, kuma a zuciyar ƙamshin yake, ɓawo da farin gefe ba su da shi. Yanzu ana nomansa a Ostireliya ma, amma duk da haka ba ya araha. Ud kuwa daga bishiyar da take fitowa a Assam da Kambodiya da Biyetnam ake samunsa, sai ta ji rauni wani naman gwari ya shige ta kafin ta fitar da baƙin ƙaron da yake ƙamshi. Saboda haka madarar ud mai sauƙin kuɗi da ke kasuwanninmu haɗin masana'anta ce. Wannan ba aibi ba ne, ina aiki da ita kullum, aibin shi ne ki sayar wa mutum a matsayin ta asali. Haka farin miski mai kama da ƙanƙara: ba na barewar miski ta tsaunukan Himalaya ba ne, sinadari ne. Jawi ƙaro ne daga Sumatra ta Indunusiya, Larabawa ne suka kira shi luban jawi, wato lubban na Jawa. Farce kuma murfin bakin wani dodon koɗi ne na teku, ana samunsa a Bahar Maliya.

Na taɓa sayen sandal kilo biyu a hannun wani ɗan kasuwa, ƙamshi kamar me. Da na wanke, ruwan ya koma ja, itacen ya fito fari fat, ashe wani itace ne aka rina aka fesa wa turare. Kuɗin haɗin amarya guda ne suka tafi a nan, kuma daga ranar na ɗauki ƙa'ida uku. Ina tsaga guntu ɗaya in shaƙi cikinsa, don fesawa ba ta ratsa ciki. Ina jefa wani a ruwan ɗumi in ga ko zai saki launi. Ina ɗora na uku a garwashi tsurarsa: itacen kirki ƙamshinsa yana ɗorewa har ya cinye, na jabu minti ɗaya yake yi sai ki ji hayaƙin murhu. Mai kayan da ya hana ki ɗanɗana guntu ɗaya, ki yi masa sallama ki wuce.

Kada kuma ki raina abin da ke bayan gidanmu. Hano, wanda wasu ke kira ararrabi, ɗan'uwan lubban ɗin Oman da Somaliya ne, kuma yana fitowa a wurare masu duwatsu a ƙasarmu, har shinge ake yi da shi. Ƙaronsa yana da ƙamshi mai tsabta a wuta. Saiwar jema ta fadama 'yar'uwar wadda manyan kamfanonin Faransa suke saye da tsada daga Haiti ce. Ga nobe, ga kimba, ga furen lalle. Wanda ya saba da abu ba ya ganin darajarsa, amma a nan bambancinki zai iya fitowa, tunda madarar Dubai kowa yana da ita.

Mataki na uku: sikeli da littafi

Wannan gajere ne amma kada ki tsallake shi. Sayi ƙaramin sikeli na lantarki mai auna har giram 0.01, irin na masu zinare, da wani na kicin don itace da sukari. Ki daina aunawa da murfin kwalba ko da ɗigo. A watan Afrilu, lokacin da zafin Gombe yake kaiwa digiri 40, madara tsinkewa take yi, a hunturu kuma ta yi kauri, don haka ɗigo goma na bazara ba ɗaya ba ne da ɗigo goma na Janairu. Sannan littafi mai bango, ba takardar da za ta ɓace ba. Kowane gwaji ki ba shi lamba da kwanan wata, ki rubuta nauyin kowane abu da inda kika saye shi, har gwajin da ya lalace. Baƙin ciki mafi girma a sana'ar nan shi ne ki dace da haɗi mai kyau, a sake nema, ki rasa yadda kika yi.

Mataki na huɗu: nemo ƙamshin naki

A nan nake son mu daɗe. Kada ki fara da tambayar me zan zuba. Ki fara da me nake son mutum ya ji a ransa idan ya shaƙa. Ki rubuta amsar a jimla ɗaya a saman shafi. Misali, "ɗakin amarya a daren farko na hunturu", ko "farar shaddar Juma'a da aka ciro daga akwati", ko "tsakar gidan Inna bayan an yayyafa ruwa an share". Jimlar nan ita ce alƙalinki. Duk abin da kike son ƙarawa, ki tambaye ta ko yana da gurbi.

Bari in nuna da nawa. Haɗin da aka fi sanina da shi ya fito ne daga ruwan farko. Duk ɗan Gombe ya san wannan yammacin: an sha zafin Maris da Afrilu har an gaji, sai hadari ya haɗo ta gabas, iska ta ɗauki ƙura, ɗigon farko ya sauka a busasshiyar ƙasa, ƙamshi ya tashi wanda yake sa yara fita da gudu. Shi na so in kama. Daga baya na ji cewa masu turaren garin Kannauj na Indiya sun daɗe suna yin haka, suna dafa gasasshen yumɓu su tara tururinsa a cikin man sandal. Ni ba ni da tukunyarsu, sai na nemi hanyar da ke hannuna: jema don danshin ƙasa, kajiji don ɗumi, hano don iskar da take riga ruwa isowa, sandal ya riƙe su duka. Kaya huɗu kacal. Na gwada saka wardi, ya yi daɗi, amma ya mai da shi ɗakin amarya, ba tsakar gida ba, sai na cire. Cire abu mai daɗi saboda ba muhallinsa ba ne, wannan ne ya fi wuya a koya.

Hanyar gwajin kuwa biyu-biyu ce. Wani malamin turare na garin Grasse a Faransa, Jean Carles, wanda ya kafa makarantar koyar da sana'ar a 1946, da ita ya horar da ɗalibansa. Ki ɗauki kayan kwana guda biyu, a ce sandal da jawi, waɗanda kika riga kika sirka. Ki jera ƙananan kwalabe biyar, ki haɗa su 9 da 1, 7 da 3, 5 da 5, 3 da 7, 1 da 9. Ki bar su kwana biyu, ki shaƙa a takarda. A ɗaya daga cikinsu za ki ji abin mamaki: ba sandal kike ji ba, ba jawi ba, wani abu ne na uku. Wannan shi ne tubalinki. Ki riƙe shi a matsayin abu ɗaya, ki kawo na uku ki sake jerawa. Idan gindi ya zauna sai ki ɗora hira, sallama ce ta ƙarshe. Ni nakan fara da rabin haɗin a kwana, kusan kashi 30 a hira, sauran a sallama, sannan in gyara yadda hanci ya nuna.

Kowane gwaji kada ya wuce giram biyar, kuma abu ɗaya kawai za ki canja tsakanin gwaji da gwaji. Idan kika canja uku a lokaci guda ya gyaru, ba ki san wanda ya gyara shi ba. Kada ki yi mamaki idan kin kai gwaji na 20 kafin ki gamsu.

Mataki na biyar: turaren wuta

Ga ma'aunin da nake aiki da shi, ki ɗauke shi mafari, ba doka ba: itace giram 500, sukari giram 250, ruwa mililita 125, rabin lemon tsami, dakakken jawi ko hano giram 25, haɗin madararki giram 70.

Ki farfasa itacen ya zama kamar ƙwayar gyaɗa ko ɗan fi, ki tsince, ki wanke, ki shanya a inuwa har ya bushe ƙayau. Rana tana cinye mansa, danshi kuma yana kawo fumfuna, musamman a watan Agusta. Idan ya bushe ki zuba rabin madarar, ki cakuɗa, ki rufe a kwalbar gilashi kwana bakwai, kina girgizawa kullum. Masu gaggawa suna tsallake wannan, shi ya sa turarensu yake yin ƙamshi a farko sannan ya koma ƙauri: madarar a bayan itacen ta tsaya, ba ta shiga ba.

Ranar dahuwa ki ɗora sukari da ruwa da lemon a tukunya mai kauri wadda ba a girki da ita, a wuta kaɗan. Lemon yana hana sukarin komawa gari. Ki jira ya yi danƙo: ki ɗiga kaɗan a faranti, ya ɗan huce, ki taɓa da yatsu biyu ki buɗe, idan ya ja zare ya yi. Launinsa ya tsaya kamar na zuma. In ya koma baƙi ya ƙone, kuma babu madarar da take ɓoye ƙaurin sukari, gara ki zubar ki sake. Sai ki juye itacen, ki juya da muciya ba tsayawa har kowane guntu ya sha, ya fara sheƙi yana warwarewa. Ki sauke. Ki barbaɗa jawin yana da ɗumi don ya kama. Sauran rabin madarar kuwa sai ya huce har kin iya sa hannu a ciki, domin zafi yana korar sallama da hira tun kafin su isa hannun mai saye. Duk wani turare mai itanol kada ya kusanci wuta a kunne, yana kamawa nan take. Ki kashe gas ɗin, ki matsa nesa da murhu.

Aikin sukari shi ne ya rufe ƙamshin a jikin itace kuma ya rage saurin cin wuta. In ya yi yawa hayaƙin yana ɗaci yana sa tari. Gwajinsa a garwashin da ya riga ya yi toka a sama ake yi, ba a jan garwashi mai huci ba. Ki gaya wa masu sayenki haka, ki kuma gaya musu kada su rufe ƙofa da taga ruf a kan kaskon gawayi, ko da sanyin hunturu ya kai ina, musamman ɗakin da akwai jariri ko mai ciwon asma. Gawayi yana fitar da iska mai kisa wadda ba ta da wari.

Mataki na shida: humra

Martabar baƙar humra a farce take, kuma farce ba ya yafe ganda. Ɗanyensa ƙarnin kifi yake yi, saboda ragowar naman da ke manne a bayansa. Na tuna Goggo zaune a tabarma da ƙaramar wuƙa, kwano a gabanta, tana kankare su ɗaya bayan ɗaya tun hantsi har la'asar. Na ce, "Goggo, ba za a jiƙa kawai a wanke ba?" Ta ce, "Wanda kika bari guda ɗaya, shi za a ji a jikin amarya."

Ki jiƙa shi a ruwan ɗumi da lemon tsami kwana biyu zuwa uku, kina canja ruwan safe da yamma. Ki kankare kowanne tas, ki ɗauraye, ki shanya. Sannan ki soya shi a cikin tsabtataccen yashi mai zafi a kasko, kina juyawa, har ya kumbura ya yi ja mai duhu, ya zama yana karyewa da yatsa. A waje ake wannan aiki don warinsa yana da nauyi. Ki tankaɗe yashin, ki daka farcen ya yi laushi, ki tace da rariya mai ƙananan ido. Shi kansa ba wani daɗi gare shi ba, amma yana riƙe sauran kayan yana ba su zurfi, kamar yadda daddawa take yi a miya.

Ga lita ɗaya ta humra nakan sa garin farce giram 40 da garin sandal giram 40, da ɗan mahlab, wata 'yar ƙwaya mai ƙamshi, da kanumfari. Ina kwaɓa su da madara kaɗan, in shafe kwaɓin a cikin kwano, in kife shi a kan hayaƙin sandal na ɗan lokaci, in juya in sake, sau uku ko huɗu. Hayaƙin nan shi ne ruhin humrar Barebari. Daga nan sai kwalba, a zuba ruwan turare da madara, a toshe. Tsofaffi da irin su turaren Rêve d'Or suke cikawa, wasu su ɗiga Binta Sudan, turaren nan da kamfanin W.J. Bush na Landan ya fitar a 1920 wanda ake yinsa a Kano. Ke kuma a nan za ki sa tubalin da kika gina a mataki na huɗu, don humrarki ta bambanta. Ki yi hattara da kanumfari da kirfa, idan sun yi yawa suna ƙona fata. Farar humra ta fi sauƙi, narkakken farin miski ne gindinta, amma ki tambayi mai sayarwa irin wanda ya ba ki, don akwai tsohon nau'i mai suna musk ambrette da ƙungiyar masu turare ta duniya, IFRA, ta hana sa shi a turare saboda illarsa.

Mataki na bakwai: na fesawa da na shafawa

Wannan lissafi ne kawai idan haɗinki ya riga ya zauna. Na fesawa mai ɗorewa madara kashi 15 zuwa 20 cikin 100 ne, sauran itanol mai ƙarfin kashi 96 cikin 100. Wato a giram 100, madara 18, itanol 82. Ki sayi itanol a wurin da kika amince da shi, wanda aka rubuta na kayan kwalliya ne. Metanol, wanda yake kama da itanol, guba ce, tana makantarwa, kada arha ta ja ki gare ta. Na shafawa kuwa da DPG ko man jojoba ake sirkawa, madara kashi 20 zuwa 30. Mutanenmu da yawa ba sa son mai itanol a kayan sallarsu, malamai kuma sun yi saɓani a kai, don haka ki tanadi iri biyun, ki rubuta gaskiyar abin da ke ciki, kowa ya bi fahimtarsa.

Mataki na takwas: jira

Sabon haɗi kamar sababbin kishiyoyi ne, kowa tana ɗaga murya. Sai sun zauna tare kafin su daidaita. Turaren wuta ki ba shi mako uku a rufe, na fesawa mako huɗu zuwa shida, humra kwana 40 ko fiye, kina girgiza ta duk bayan kwana biyu. Kwalbar gilashi, ba roba ba, don madara tana cin roba ta ɗauki warinta. Wuri mai duhu da sanyi, ƙasan gado ko kusa da randa, nesa da bangon da rana take duka. Na san akwai masu shanya humra a rana wai ta nuna da wuri. Na gwada kwalba biyu daga haɗi ɗaya, ta rana da ta inuwa, ta ranar ta yi saurin haɗuwa amma ta rasa ƙamshinta na sallama, don haka ni inuwa nake bi. Na fesawa idan ya nuna ki sa shi a firij kwana ɗaya, ki tace da takardar tacewa ko farin ƙyalle mai tsabta, zai fito garau.

Daga nan sai gwaji a jikin mutane. Ki shafa kaɗan a cikin gwiwar hannu ki jira awa 24 don ganin ko zai yi ƙaiƙayi. Ki ba mutum uku masu fata daban-daban, ki haɗa da mai yawan zufa, ki kuma turara mayafi a kabbasa ki ajiye shi kwana uku ki ji abin da ya rage. Kada ki tambaye su ko ya yi daɗi, kunya za ta sa su ce e. Ki tambaye su ƙarfe nawa suka daina jinsa, da abin da mutanen gida suka ce.

Idan kin fito kasuwa

Ki lissafa komai a farashi: kwalba, gas, kuɗin mota, gwaje-gwajen da suka lalace, da yinin da kika yi kina kankare farce. A jikin kowace kwalba ki liƙa sunan haɗin, lambar dahuwa, kwanan wata, da bayanin na wuta ne ko na jiki. Idan kasuwa ta buɗe ki yi rajistar sunan sana'arki a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ki je ofishin NAFDAC ki ji sharuɗɗansu, tunda kayan shafawa a ƙarƙashinsu suke. Sunan turare kuma ki ba shi na gida wanda ya fito daga jimlar nan ta saman shafi, ba sai kin aro na Larabci da ba ki san ma'anarsa ba.

Za a zo miki da kwalbar wata a ce, "Hajiya, irin wannan nake so sak." Nakan karɓa in shaƙa, in tambayi abin da ya burge ta a ciki, ɗuminsa ne ko daɗewarsa, sannan in ce zan yi mata wanda yake da wannan halin a cikin nawa salon, amma ba zan kwafi hannun wata ba. Wasu suna tafiya, da yawa suna dawowa. Uwar amarya kuwa ki roƙe ta ta sanar da ke wata biyu kafin biki, ki zauna da amaryar kanta ki ba ta takardu uku ta shaƙa, ki kalli fuskarta fiye da abin da bakinta zai faɗa, don a gaban iyaye ba za ta ce ba ta so ba. Wanda ta koma ta sake ɗauka ba tare da an ce ta ɗauka ba, shi ne nata.

Daga kowace dahuwa ki ware ƙaramar kwalba ki rubuta lambarta ki ɓoye. Ranar da kika sake haɗawa da sabon sandal ko madarar wani kamfani, ki ɗora tsohon da sabon a garwashi biyu, ɗaki daban-daban, ki shiga wannan ki shiga wancan kafin ki cika kwalbar kowa.